Ciwon Ɓarin Kai Da Yankakken Barci: Abin Da Dare Ke Yi Wa Kawunanmu

 A wannan wata ina so mu tattauna a kan wani ciwo wanda da wuya ka shiga gida a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango ba ka tarar da mai fama da shi ba, amma kuma ba mu cika ɗaukarsa a bakin komai ba, wato ciwon ɓarin kai. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne halin da yayata ta daɗe a ciki, da wata tambaya guda da wani likita ya yi mata, wadda ta sa ni komawa ɗalibi bayan shekaru ina riƙe da alli.

Yayata, wadda nake bi, ta fi shekara 20 tana sayar da koko da ƙosai a bakin tashar motoci ta Kejetia. Ƙarfe 3 na dare take tashi ta hura wuta ta dama koko, kafin ƙarfe 5 ta kafa tebur, domin direbobin trotro da 'yan kayayo da fasinjojin da suka kwana a hanya daga Tamale da Bolga da Bawku ba sa jiran kowa. To amma sau biyu ko uku a wata sai ta farka ɓarin kanta na hagu yana sara kamar ana daka sakwara a ciki, ga tashin zuciya, ga shi ko ƙanshin mai ba ta iya shaƙa, balle ta dubi hasken fitila. Ranar babu kasuwa ke nan. Markaɗen wake ya yi tsami, jari ya taɓu, masu saye su koma teburin maƙwabciya, mai karɓar kuɗin susu kuma ya zo da yamma kamar yadda ya saba, shi babu ruwansa da ciwon kai.

Babu abin da ba a gwada ba. Ta sha maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da an gwada jini ba, an auna hawan jini aka ce lafiya lau, ta sayi tabarau, wanzami ya yi mata ƙaho, har wasu suka fara raɗa cewa abokan sana'a ne suka yi mata sammu. Rannan na raka ta asibiti, likitan ya saurare ta tsaf, sannan ya ce, "Mma, yaya barcinki?" Sai ta yi dariya ta ce ai ita tun bayan isha'i take kwanciya. Ya ce, "Na ji. To daga kwanciyarki zuwa tashinki, sau nawa kike farkawa?" Yaya ta fara ƙirge da yatsu: lokacin da samarin gida ke dawowa daga kallon ƙwallo su buga ƙofa, lokacin da sauro ya dame ta, lokacin da maigida ya kunna rediyo, lokacin da autanta ya tashi yana yawo cikin barci, sannan sau biyu ko uku tana zabura ta duba agogo don tsoron makara. Yatsun hannu ɗaya ba su ishe ta ba. Muna fitowa ta dube ni ta ce, "Ticha, ashe ni kwanciya kawai nake yi."

MENE NE CIWON ƁARIN KAI?

Ba kowane ciwon kai ba ne ciwon ɓarin kai. Maƙwabtanmu Asante in sun ce "me ti pae me", mu ma in mun ce "kaina na ciwo", duk mun haɗa cututtuka da dama ne a buhu ɗaya. Wanda muke magana a kansa shi ne wanda malamanmu suka sani a littattafan Larabci da sunan shaƙiƙa, likitoci kuma za ka ji suna cewa maigiren. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta, yana zuwa ya tafi ya sake dawowa, kuma yakan bi jini, shi ya sa sau da yawa za ka tarar uwa tana da shi, 'ya ma tana da shi.

Alamominsa su ne sara mai bugawa, yawanci a ɓari ɗaya, wanda ke ƙaruwa in mutum ya motsa ko ya sunkuya, tare da tashin zuciya ko amai, da ƙin haske da ƙara. In ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 har zuwa awa 72. Wasu kafin ya sauka sukan ga walƙiya-walƙiya ko layuka masu karkace a idonsu, ko su ji ɓarin fuska ko hannu ya yi sanyi kamar ba nasu ba, na tsawon minti 5 zuwa 60. Kimanin mutum 1 cikin 7 a duniya yana fama da shi, wato sama da mutum biliyan ɗaya, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. Babban ƙidayar cututtuka ta duniya ta shekarar 2019 ta sa shi a matsayi na biyu cikin cututtukan da ke hana ɗan Adam walwala da aiki. Saboda haka wanda ya ce wa matarsa raki ne, bai yi mata adalci ba.

YADDA BARCI YAKE

Kafin mu gane alaƙar, sai mun san cewa barci hawa-hawa ne. Mutum yakan fara da mara nauyi, ya gangara zuwa mai nauyi wanda ko ganga aka buga ba ya ji, sannan ya shiga barcin mafarki, wanda a cikinsa ƙwayar ido ke kai-komo a ƙarƙashin fatar ido. Wasu masana biyu, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, su suka gano wannan mataki a Jami'ar Shikago ta Amurka a 1953. Zagaye ɗaya yana cin kusan minti 90, kuma a dare guda mutum yakan yi zagaye 4 zuwa 6. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa ya fi yawa daf da asuba.

Tsakanin waɗannan matakai ƙwaƙwalwa takan ɗan farka na 'yan daƙiƙoƙi, mutum ya juya ya ci gaba da barcinsa, da safe ma ba zai tuna ba. Wannan ba cuta ba ne. Matsala na zuwa ne ta hanya biyu. Ta farko, farkawar ta yi yawa, barci ya yi ta yankewa kamar wutar lantarki a zamanin dumsor na 2014 da 2015. Ta biyu, farkawar ta tsaya rabi da rabi, jiki ya tashi amma hankali na can cikin barci. Wannan ne ke kawo magagin barci, da firgitar yara da ihu cikin dare, da tafiya cikin barci. Wani likita a Kanada mai suna Roger Broughton ya bayyana a 1968 cewa waɗannan abubuwa daga barci mai nauyi suke fitowa, kuma asalinsu tangarɗa ce wajen farkawa.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

Likitoci sun daɗe da lura cewa ciwon ɓarin kai da barci kamar hanta da jini suke. A 1998 an bi sawun tashin ciwon sama da 3,500, aka ga kusan rabinsu sun fara ne tsakanin ƙarfe 4 na asuba da 9 na safe. A 2005 masana biyu a Amurka, Leslie Kelman da Jeanetta Rains, sun tambayi majinyata 1,283: rabinsu suka ce rikicewar barci na tayar musu da ciwon, kashi 71 cikin 100 suka ce ciwon yana tashinsu daga barci, mafi yawansu kuma suka ce in ya sauka babu abin da suke nema sai wurin kwanciya. Ka ga barci shi ne ƙofar shigarsa, shi ne kuma ƙofar fitarsa.

Binciken da ya fi kama da labarin yayata shi ne wanda Dokta Suzanne Bertisch da abokan aikinta suka yi a birnin Bostan, aka buga a 2020. Sun ɗaura wa mutum 98 masu wannan ciwo wata na'ura kamar agogo a hannu har mako 6, tana lura da barcinsu, su kuma suna rubuta abin da ya faru kullum. Abin mamaki, gajeren barci shi kaɗai bai nuna ƙarin haɗarin ciwo ba. Abin da ya nuna shi ne yankakken barci, wato mutum na kwance amma yana yawan farkawa. Sannan ciwon bai cika zuwa washegari ba, sai kwana ɗaya bayanta. Ma'ana, in barcinka ya yanke a daren da za a wayi gari Talata, Laraba ce abar lura. Wannan tazara ita ke ɓatar da mu, domin wa zai tuna da daren shekaranjiya?

A 2021 kuma masana a Landan sun tattara bincike 32 na mutum sama da 10,000, suka ga manya da yara masu ciwon ɓarin kai suna samun ƙarancin barcin mafarki in an gwada su da sauran mutane, yaran kuma sun fi daɗewa a farke cikin dare.

Me ya haɗa su? A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, ana ce da shi haifotalamus. Shi ne mai riƙe da agogon jiki, shi ke kula da barci da farkawa da yunwa da ƙishirwa. A 2014 a ƙarƙashin Farfesa Peter Goadsby, da 2016 a Hambug ta Jamus inda aka yi ta ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar wata mata kullum har kwana 30, an ga cewa wannan yanki yana fara rikicewa tun kafin kai ya fara sara, har da kusan kwana guda. Shi ya sa wasu ke yawan hamma, ko kwaɗayin zaƙi, ko saurin fushi, ko wuya ya riƙe, ana gobe ciwon zai sauka. Ashe ke nan hanyar mai zuwa ce mai dawowa: yankakken barci na iya tayar da ciwo, ciwon da ke tafe kuma na iya yanka barci tun bai bayyana ba.

YARANMU

Nan ne abin ya taɓa ni a matsayina na malamin makaranta. Na sha yi wa yaro tsawa don ya kifa kai a kan tebur da hantsi, ina zaton lalaci ne ko kallon talabijin. Ciwon ɓarin kai na yara yakan fi na manya gajarta, yakan kama goshi duka biyu, wani lokaci ma ciwon ciki da amai ne a gaba, kuma da yaron ya samu barcin awa ɗaya ko biyu sai ya tashi garau, mu kuma mu ce da ma ƙarya yake yi.

A 1983 Dokta Gabor Barabas da abokan aikinsa a Amurka sun gano cewa kusan kashi 30 cikin 100 na yara masu ciwon ɓarin kai suna tafiya cikin barci, alhali a sauran yaran da aka gwada su da su abin bai kai kashi 10 ba. Autan yayata yana cikin irin waɗannan. Yakan tashi kamar awa biyu bayan ya kwanta, ido buɗe, ya nufi ƙofa, in an yi masa magana ba ya amsawa, da safe kuma bai san an yi ba. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, a yi ta hayaƙi, wani ma a mare shi don ya dawo hayyacinsa. Abin da ya dace shi ne a kama hannunsa a hankali a mayar da shi shimfiɗa, a sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kai, a kawar da kurfoti mai garwashi da wuƙa, a rufe rijiya, a kuma tabbatar yana kwanciya da wuri, domin ƙarancin barci na ƙara abin. Yawancin yara suna bari da kansu in sun tasa. Amma in akwai karkarwar gaɓoɓi, ko cizon harshe, ko abin na maimaituwa sau da yawa a dare guda, sai a kai shi asibiti a duba ko farfaɗiya ce.

DAREN ZANGO

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu dubi darenmu da gaskiya. Ɗaki ɗaya mutum biyar ko shida, kowa da lokacin shigowarsa. Zafin watan Fabrairu da Maris a ƙarƙashin rufin kwano. Sauro daga kwatami. Lasifikan biki da na suna da na jana'izar Asabar waɗanda ke kaiwa tsakar dare. Wayar hannu a ƙarƙashin matashin kai tana ƙara duk bayan minti kaɗan. Ga kuma ƙannenmu mata 'yan kayayo da suka zo daga arewa, waɗanda da yawansu ke kwana a cunkushe ko a barandar shaguna a kewayen Kejetia, ido ɗaya a buɗe don tsoron ɓarayi da 'yan iska, sannan gari na wayewa a ɗora musu kaya a kai. Sabon ginin kasuwa mai shaguna sama da 8,000 ya canza fuskar Kejetia, amma bai canza lokacin da motocin doya da albasa da tumatir ke isowa ba.

Akwai kuma mai yanka barci daga ciki, wato minshari mai tsanani. In ka ga mutum na minshari, numfashinsa ya tsaya cak, sannan ya ja da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe, to hanyar iskarsa ce ke toshewa, ƙwaƙwalwa kuma na tashinsa sau da dama a awa guda ba tare da ya sani ba. Irin wannan yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya wuni yana gyangyaɗi, kuma abin na tafiya tare da hawan jini. In direba ne, haɗarin ya shafi kowa da ke cikin motar.

GORO, ATAYA DA ƘWAYA

Goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Asante, ba kuma zan ce a bar shi ba. Amma mu sani cewa goro da ataya da kofi da lemunan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda bayan awa 5 da shansa kusan rabinsa na nan a jini. Goron bayan magariba yana tare da kai har tsakar dare, ko da ka yi barci zai rage masa nauyi. Wanda ya saba kuma in ya rasa shi kwatsam, kansa zai sara, kamar yadda da yawanmu ke ji a kwanakin farko na azumi, lokacin da rashin goro da canjin lokacin barci da ƙishirwa ke haɗuwa. Dabara ita ce a fara ragewa sannu a hankali tun cikin Sha'aban.

Babban tarko kuwa shi ne ƙwaya. Wanda ke shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko masu haɗe-haɗe da masu ƙarfi kwana 10 ko fiye, har sama da wata 3, maganin da kansa zai iya zama mai kawo ciwon kai na kullum, wanda ke tashinsa da asuba in ƙarfin ƙwayar jiya ya ƙare. Taramadol, wanda ya addabi matasanmu a wajajen 2017 da 2018, ba maganin ciwon ɓarin kai ba ne, yana ƙara dagula shi, yana kuma dagula numfashi cikin barci. Kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

ABIN YI

A 2007 Dokta Anne Calhoun a jihar Karolina ta Arewa ta gwada gyaran barci a kan mata 43 masu ciwon kusan kullum: tsayayyen lokacin kwanciya da zai ba da awa 8, babu talabijin ko rediyo a kan gado, cin abincin dare awa 4 kafin kwanciya, rage shan ruwa daf da kwanciya. Waɗanda suka bi sun samu raguwar ciwon a fili. Babu wanda ya kai kuɗin kwanon wake a cikin waɗannan matakai.

Mu ga abin da muka yi. Na ɗauko littafin rubutu na 'yan makaranta na ja layuka biyar: lokacin kwanciya, yawan farkawa da dalili, goro ko shayi da lokacinsa, ciwon kai, ƙwayar da aka sha. 'Yarta ce ke cikewa kowace safiya. Bayan wata biyu abin ya fito sarai: ciwon ya fi zuwa Litinin, bayan hayaniyar daren Asabar da ramuwar barcin Lahadi har ƙarfe 8, da kuma kwanakin al'adarta. Sai aka saya mata agogo mai ƙararrawa don ta daina zabura tana duba lokaci, aka ɗaura gidan sauro, maigida ya fitar da rediyo zaure, samari suka koyi rufe ƙofa a hankali, goro ya tsaya daga azahar, ranar Lahadi kuma ba ta wuce lokacin tashinta da fiye da awa ɗaya ko biyu. In ta dawo kasuwa takan ɗan miƙe na minti 30, ba ta bari ya kai la'asar. Da muka koma da littafin, likita ya ɗora ta a kan maganin rigakafi na kullum. Akwai irinsu masu araha kamar amitiriftilin da firofiranolol, akwai kuma sumatiriftan na lokacin da ciwon ya sauka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021, amma duk likita ne ke zaɓa, ba mai shagon magani ko maƙwabciya ba. Yaya ba ta rabu da ciwon ba, sai dai daga sau uku a wata ya koma kamar sau ɗaya, kuma rabon da ta zubar da markaɗe an daɗe.

LOKACIN DA BA A JIRA

Akwai ciwon kan da ba a yi masa littafi, asibiti ake nufa nan take: wanda ya faɗo farat ɗaya kamar tsawa, wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman ga wanda ya dawo daga arewa a lokacin zafi da ake fama da sanƙarau, wanda ya zo da shanyewar ɓarin jiki ko karkacewar baki ko rikicewar magana, wanda ya biyo bayan buguwa a kai, sabon ciwon kai ga wanda ya haura 50, ciwon kai ga mai ciki tare da kumburi ko ganin hazo, da na yaron da ke tashi da amai kullum abin na ƙaruwa. Macen da ke ganin walƙiya kafin ciwo kuma ta gaya wa ma'aikaciyar jinya kafin a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu nau'o'in ba su dace da ita ba. Asibitin Manhyia na kusa da mu, Komfo Anokye da muke kira Gee ma ba shi da nisa. A riƙa sabunta katin inshorar lafiya kafin ranar buƙata, a kuma gwada jini kafin a ce zazzaɓin sauro ne.

A ƙarshe ina kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin matasa da su taimaka a tsayar da lokacin kashe lasifikan biki, domin a bayan kowane bango akwai mai koko da za ta tashi ƙarfe 3, da ɗalibin da zai shiga aji ƙarfe 8. 'Yan uwana malamai kuma, kafin mu yi wa mai kifa kai tsawa, mu tambaye shi yadda ya kwana, mu kuma tsaya mu ji amsar. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu kwana lafiya mu tashi lafiya.